Me ya sa lallashi ba ya ratsa mai ciwon damuwa?

Me ya sa mutumin da ciwon damuwa ya kama yake ci gaba da jiran sharri ko bayan alheri ya same shi, ya gani da idonsa, ya taɓa da hannunsa? Tambayar kan taso idan ranar 10 ga Oktoba ta kewayo, ranar da duniya ta ware domin lafiyar ƙwaƙwalwa, a tattauna ta kwana biyu a rediyo da zaurukan WhatsApp, sannan a bar ta a hannun iyaye da matan aure da abokai waɗanda ke kwana suna tashi da mai ciwon. Amsoshin da ke hannun waɗannan kuwa sanannu ne: taurin kai ne, rashin godiya ne, raunin imani ne, ko kuma hannu aka sa masa. Masu binciken halayyar ɗan Adam sun shafe shekaru kusan 60 suna bin wannan al'amari, kuma abin da suka gano yana da amfani ga duk wanda ya taɓa gajiya da ba wani haƙuri.

Na san wani matashi a unguwar Bukoki a nan Yamai, wanda ya gama jami'a, ya shiga konkur, wato jarrabawar ɗaukar ma'aikata, sau uku bai dace ba. Bayan na ukun ya daina haɗa dosiye, daga baya ya daina zuwa fada shan shayi, har ta kai yana wuni a ɗaki da ƙofa a rufe. Wani abokinsa ya samo masa aikin mako guda wurin wani Alhaji mai shagon kayan gini a kasuwar Katako, aikin daidaita littafin bashi da ya shekara biyu a hargitse. Ya gama cikin kwana biyar. Alhajin ya yaba, ya ɗora masa jika biyar a kan abin da aka yi jinga, ya ce ya dawo bayan salla. Da daddare mahaifiyarsa, wadda ba ta faɗin sunansa saboda ɗan fari ne, ta ce masa: "To, ɗan nan, ka ga abin da nake gaya maka? Allah bai manta da kai ba." Ya amsa kansa a sunkuye: "Inna, kunyar Baba ya ji. Kuma aikin nan ko ɗan firamare zai iya. Bayan salla zai sami wanda ya fi ni."

A lura cewa bai ƙaryata komai ba. Ya yarda an yaba masa, ya yarda an ƙara masa kuɗi, kuɗin ma suna aljihunsa. Amma cikin numfashi ɗaya ya cire wa abin da ya faru daraja ta hanya uku, ya koma inda yake tun farko. Wannan ɗabi'a tana da suna a wurin masana.

Ciwon da ake magana a kai

Ba kowane ɓacin rai ba ne ciwo. Wanda aka yi wa rasuwa, ko ruwa ya ci gidansa kamar yadda ambaliyar 2024 ta yi wa dubban iyalai a Nijar, dole ya shiga baƙin ciki, kuma yawanci yakan sassauta da tafiyar kwanaki. Abin da likitoci ke kira ciwon damuwa, wanda ma'aikatan lafiyarmu kan ambata da sunansa na Faransanci, depiresiyon, shi ne ƙuncin rai ko mutuwar sha'awar abubuwan da mutum ya saba jin daɗinsu, wanda ke cin mafi yawan yini, kusan kullum, har aƙalla mako biyu, tare da rikicewar barci da cin abinci, da kasala, da kasa tattara hankali, da ganin kai ba a bakin komai ba, wani lokaci har da tunanin mutuwa. A wurinmu ba da waɗannan kalmomi mai ciwon ke zuwa likita ba. Zai ce kansa na zafi, ko jikinsa ya mutu, ko ƙirjinsa ya yi nauyi, ko ya ce tunani ya yi masa yawa.

Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2023 ta ce a lokacin kimanin mutum miliyan 280 ke fama da shi, wajen kashi 5 cikin 100 na manya, mata sun fi maza yawa, kuma a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfin arziki fiye da kashi 75 cikin 100 na masu ciwon ba sa samun kowane irin magani.

Inda mugun tsammani ya shigo

A shekarun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa na Amurka mai suna Aaron Beck ya lura cewa majinyatansa, duk da bambancin rayuwarsu, tunaninsu kan zagaya wuri uku: suna munana ganin kansu, suna munana ganin duniyar da ke kewaye da su, suna kuma munana ganin abin da ke gaba. Na ukun ne ya fi ba shi tsoro, har a 1974 ya fitar da ma'auni mai jimloli 20 domin auna yadda mutum ya ɗebe tsammani, kuma bin diddigin majinyata na shekaru ya nuna cewa yanke ƙauna na cikin manyan alamun da ke gabatar kisan kai.

A daidai wannan zamani, cikin 1967, Martin Seligman da Steven Maier suka yi wani gwaji da karnuka wanda ya shahara. Karnukan da aka fara ja musu lantarki ba tare da hanyar tsira ba, da aka mayar da su wani akwati inda tsallake ɗan shinge kawai zai cece su, da yawansu sai suka kwanta suna kuka ba su ko gwada ba. Hausawa sun riga sun faɗi irin wannan da suka ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Abin sha'awa shi ne, a 2016 mutanen nan biyu suka dawo suka gyara fassararsu bisa abin da aka gano a ƙwaƙwalwa: saduda a gaban wahalar da ta daɗe ita ce asalin halin dabba, abin da ake koya shi ne cewa motsinka yana iya canja wani abu. Gyaran nan yana da nauyi ga maganarmu, domin ya nuna cewa abin da mai ciwon ke bukata shi ne ya sake ɗanɗana cewa ya yi wani abu kuma abin ya haifar da sakamako.

Daga baya wasu masana a Jami'ar Marburg ta Jamus, ƙarƙashin Winfried Rief, suka ce a cikin duk miyagun tunanin mai ciwon, tsammani ne ya fi cancanta a fara kamawa, saboda shi kaɗai ne rayuwa ke iya gaskatawa ko ƙaryatawa. Idan mutum ya ce "ni ba komai ba ne", babu ma'aunin da za a ɗora maganar a kai, sai dai a yi ta musu har dare. Idan kuwa ya ce "in na buga wa yayana waya ba zai ɗauka ba", to ga waya, ga yaya, gobe ma rana ce.

Yadda lafiyayyen mutum ke gyara zatonsa

Ƙwaƙwalwa ba ta jiran abu ya faru kafin ta yi hukunci. Kullum tana hasashe, sannan ta gwada hasashen da abin da ya auku. Mai kabu-kabun da ya saba kauce wa wata hanya a damina saboda taɓo, ranar da fasinja ya matsa masa ya bi ta ya tarar an zuba mata jar ƙasa, gobe ba sai an roƙe shi ba. Tazarar da ke tsakanin abin da ya zata da abin da ya tarar ita ce ta koyar da shi. A 1997 Wolfram Schultz da abokan aikinsa suka bayyana yadda wasu ƙwayoyin ƙwaƙwalwa masu fitar da sinadarin dofamin ke ƙara aiki a birai idan lada ya zo ba zato, su yi shiru idan ladan da ake jira bai zo ba. Ta wannan saƙo ne ake gyara zato.

Lafiyayyun mutane ma suna da son kai wajen wannan gyara. Binciken Tali Sharot a Landan cikin 2011 ya nuna cewa idan aka tambayi mutum yiwuwar wata musiba ta same shi, sannan aka nuna masa ainihin ƙididdiga, yakan karɓi labarin da ya zo masa da sauƙi fiye da wanda ya zo da tsanani. Da aka maimaita irin gwajin da masu ciwon damuwa a 2014, sai aka tarar wannan karkata zuwa ga alheri babu ita a wurinsu.

Rigakafin da zuciya ke yi wa kanta

A nan ne aikin masanan Marburg, musamman Tobias Kube, ya fi ba da haske. A gwaje-gwajen da suka wallafa a 2019, an gaya wa mahalarta cewa za su yi wata jarrabawa mai wuya ta gane halin da wasu mutane ke ciki, domin su shiga da ƙaramin tsammani, bayan sun gama kuma aka sanar da su cewa sun yi ƙoƙari sosai. Lafiyayyu suka ɗaga tsammaninsu game da irin wannan aiki nan gaba. Masu ciwon damuwa suka tsaya kusan inda suke. Da aka juya gwajin, aka ba mutane labarin cewa sun gaza alhali sun shiga da kyakkyawan zato, ba a ga wani babban bambanci tsakanin ɓangarorin biyu ba. Wato matsalar ta fi ƙarfi wajen kasa karɓar labari mai daɗi.

Masanan sun kira abin da ke hana karɓar da sunan da za a iya fassarawa da rigakafin tunani. Kamar yadda allurar rigakafi ke shirya jiki ya kashe ƙwayar cuta kafin ta yi tasiri, haka zuciyar mai ciwon ke kashe hujjar da ta saɓa wa zatonta kafin ta zauna, sai dai abin da ake kashewa a nan shi ne maganin. Sun ma gwada abin kai tsaye: da aka ƙara wa wasu mahalarta bayanin cewa jarrabawar ba abin dogaro ba ce, sai yabon da aka yi musu ya rasa tasiri.

Mu koma ga amsar matashin Bukoki. "Kunyar Baba ya ji" tana zubar da amincin mai yabon. "Ko ɗan firamare zai iya" tana zubar da darajar aikin. "Bayan salla zai sami wanda ya fi ni" tana mayar da nasarar abin da ya faru sau ɗaya ba zai sake ba. Akwai wata ta huɗu da harshenmu ya sauƙaƙa ƙwarai, wato "katari ne" ko "sa'a ce kawai". Kuma dole a faɗi gaskiya, tarbiyyarmu ta kunya da kawaici tana ba wannan ɗabi'a mafaka, domin yaron da aka yaba wa ya ce "ba komai" mun ɗauke shi mai ladabi, don haka uwa na iya shekara tana jin irin waɗannan amsoshi ba ta gane cewa sun wuce tawali'u ba. Bambancin shi ne mai tawali'u yana faɗa da baki amma gobe zai koma shagon, mai ciwon kuwa ya gaskata abin da ya faɗa har cikin ransa.

Wani binciken na Kube ya taɓo kuskuren da kusan dukanmu muke yi. An tarar cewa yabon da ya wuce kima bai kai matsakaicin yabo canja tsammani ba, saboda idan labari ya yi nisa ƙwarai da abin da mutum ya yarda da shi, sai ya daina gaskata mai ba da labarin. Wanda ya ce wa mai ciwon "wallahi duk unguwar nan babu kamarka" ya miƙa masa hujjar cewa lallashinsa ake yi. Wanda ya ce "lissafin shafi na bakwai da ka gano kuskurensa, Alhaji ya ce shekara biyu ba wanda ya gani" ya ba shi abin da ke da wuyar turewa.

Gani ya kori ji

Hanyar da masu ba da magani ta tattaunawa ke bi ita ce su bar jayayya, su mayar da mugun zaton abin gwadawa. A ɗauki misalin matar da aurenta ya mutu, ta koma gidan iyayenta a Talaje, ta daina zuwa suna da biki, har zubin adashe sai dai ta aika yarinya. Ma'aikaciyar lafiyar da ta san aikin ba za ta ce mata mutane na sonta ba. Za ta ce: "Yaya, in kin je sunan nan na ranar Asabar, me kike jin zai faru? Ki faɗa mini yadda in ya faru kowa zai shaida." Matar ta ce ba wadda za ta kula ta. Sai a ajiye ƙwayar wake goma a tabarma, a ce ta ware gwargwadon yadda ta tabbata. Ta ware tara.

Mataki na gaba shi ne wanda binciken rigakafin tunani ya ƙaro, kuma shi aka fi mantawa: a toshe ƙofofin gudu tun kafin a fita. "In wata ta gaishe ki, me zuciyarki za ta ce miki?" Matar ta ce za ta ce tausayi ne, ko gulma ce ta kawo ta. "To me za mu gani mu yarda cewa ba tausayi ba ne?" Ta yi shiru, sannan ta ce in wata ta zauna kusa da ita ta ja hirar da ba ta shafi mutuwar auren ba. Wannan sharaɗi daga bakinta ya fito, don haka zai yi mata wuya ta soke shi daga baya. A rubuta duka a takarda, in ba ta karatu a ɗauki muryarta a waya, saboda ciwon na gyara abin da mutum ke tunawa. Bayan kwana uku za ta iya rantsuwa cewa dama ta san za a gaishe ta, gaisuwa ai ba komai ba ce.

Bayan sunan a zauna da wuri, a saurari abin da ta faɗa da bakinta, a ƙirga abin da ya faru: mata nawa suka gaishe ta, wa ya zauna, me aka tattauna. Sannan a sake ajiye waken. Idan tara ta koma bakwai, an yi aiki. Wanda ke jiran ta koma ɗaya a rana guda bai san ciwon ba. Kuma dole a maimaita a wurare dabam-dabam, yau gidan suna, jibi kasuwa, wani mako gidan ƙawa, domin hujjar "sau ɗaya ne" ba ta mutuwa sai an tara mata sau biyar ko shida.

Idan kuma abin da ta ji tsoro ya faru fa, aka share ta? Wannan na iya faruwa, shi ya sa ake fara gwaji da abin da faɗuwarsa ba za ta karya mutum ba. Amma ko a nan akwai zato na biyu da ke ɓoye ƙarƙashin na farko, wato "in aka wulaƙanta ni ba zan iya jurewa ba", kuma matar da ta dawo gida ta yi kukanta, ta tashi ta ɗora tukunya, ta riga ta ƙaryata shi.

Kusa da wannan akwai hanyar da ake kira farfaɗo da ayyuka, inda ake tsara wa mai ciwon ƙananan ayyuka masu ma'ana a gare shi, ya yi su ko yana jin sha'awa ko ba ya ji, bisa fahimtar cewa a wannan ciwo sha'awa kan biyo bayan aiki. Wani babban gwaji a Ingila da mutum 440, wanda mujallar Lancet ta buga a 2016, ya nuna cewa wannan hanya a hannun ƙananan ma'aikata ba ta gaza doguwar hanyar gyaran tunani ta ƙwararru ba, kuma ta fi ta arha da kimanin kashi 20 cikin 100.

Idan zaton nasa gaskiya ne fa?

Wannan ita ce suka mafi ƙarfi, kuma a Yamai ba a iya kauce mata. Matashin da ya ce da wuya ya sami aikin gwamnati bai yi ƙarya ba. Masu nema sun ninka guraben nesa ba kusa ba. Har a cikin masana akwai waɗanda suka taɓa cewa masu ciwon damuwa sun fi sauran mutane ganin gaskiya, bisa wani gwaji na Lauren Alloy da Lyn Abramson a 1979, inda ɗalibai masu alamun ciwon suka fi daidai wajen gane cewa maɓallin da suke dannawa ba shi ke kunna fitila ba. Wani yunƙurin maimaita gwajin da aka wallafa a 2022 bai sami wannan sakamako ba, amma tambayar ba ta mutu da shi ba.

A ganina amsar tana cikin rarrabe zato biyu da suka yi kama. "Da wuya in ci konkur bana" lissafi ne, yana iya zama daidai, kuma ba aikin mai magani ba ne ya rushe shi. "Duk abin da na taɓa sai ya lalace" hukunci ne da ya haɗiye rayuwa gaba ɗaya, ya haɗa da shagon Katako da bai lalace ba. Na biyun ake yaƙa. Wanda ya cusa wa talaka fatan da ba shi da tushe ya shirya masa sabuwar faɗuwa, kuma faɗuwar za ta zama hujja mafi ƙarfi a hannun ciwon.

Akwai bincike daga ƙasarmu da ya shafi wannan. A 2022 mujallar Nature ta buga sakamakon wani gwaji da aka yi a Nijar tsakanin mata matalauta da ke cikin shirin gwamnati na tallafin kuɗi. Wasu an ƙara musu jari, wasu an ƙara musu horon dabarun rayuwa da taron wayar da kan gari kan buri da abin da mace ke iya cimma, wasu an haɗa musu duka biyun. Duk rukunan sun sami ci gaba a sana'a da kwanciyar hankali, kuma ɓangaren da ya shafi zuciya ya biya kuɗinsa ƙwarai idan aka dubi arharsa. Matan ba majinyata ba ne da likita ya tantance, amma darasin ya nuna cewa aljihu da zuciya suna jan juna. Ita ma dabarar toshe ƙofofin gudu da aka bayyana a sama, gwaje-gwajen da aka yi mata wasu sun nuna amfani, wasu ba su nuna bambanci ba, kuma yawancinsu a Jamus aka yi su, don haka a ɗauke ta a matsayin ƙari a kan magungunan da aka riga aka tabbatar.

Maganar imani

Musulmi ya san an hana shi yanke ƙauna daga rahamar Allah, kuma an umarce shi da kyautata zato. Matsalar ita ce yadda ake isar da wannan ga mai ciwon. Idan aka ce masa halin da yake ciki alamar raunin imani ce, abin da kunnensa ke ji shi ne har Ubangijinsa ma yana fushi da shi, sai a ƙara masa mugun zato na huɗu a kan ukun da Beck ya lissafa. Surar Yusuf ta ba da labarin Annabi Yaƙub, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin ciki, kuma shi ne ya ce wa 'ya'yansa su tafi su nemi labarin Yusuf da ɗan'uwansa kada su yanke ƙauna. Bai tsaya ga hana su ɗebe tsammani ba, ya haɗa musu da tafiya. Malamin unguwar da ya biyo wa matashi da asuba suka taka zuwa masallaci tare, ko ya ba shi yara uku ya riƙa biya musu karatu, ya yi aikin da masana ke kira farfaɗo da ayyuka ko bai taɓa jin sunan ba.

Abin da wannan ke nufi ga gidajenmu da likitocinmu

Mugun tsammani ba ya tsayawa a ƙofar likita. Mai ciwon na shiga da zaton cewa maganin ma ba zai yi masa aiki ba, kuma magungunan wannan ciwo, irin su amitiriftilin da fuluwoksetin, sukan ɗauki makonni kafin a ji sauƙinsu, alhali bushewar baki ko jiri ko tashin zuciya na iya zuwa tun kwanakin farko. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba zai ajiye maganin cikin mako guda, ya ƙara shi cikin jerin abubuwan da suka gaza a kansa, wani ma ya koma ga tiramol ɗin bakin titi da ke ba da ƙarfin sa'o'i kaɗan ya bar sabon ciwo. Binciken Catherine Harmer a Oxford ya nuna cewa magungunan kan fara gyara yadda mutum ke karanta fuskoki da kalaman mutane tun kafin shi kansa ya ji sauƙi. Wannan na nuna cewa magani na buɗe ƙofa ne, kuma wanda ke shan sa yana kulle a ɗaki ya rage wa kansa abin da zai shigo ta ƙofar.

Ƙwararrun likitocin ƙwaƙwalwa a Nijar ba su da yawa, kuma sunan Pabiyon E, sashen da ke kula da wannan fanni a Babban Asibitin Ƙasa na Yamai, ya zama abin tsokana a bakin jama'a, har iyali kan gwammace su ɓoye ɗansu da a gan su a can. Amma abin da aka bayyana a sama ba ya bukatar na'ura. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP domin horar da ma'aikatan ƙananan likitoci su gane irin waɗannan cututtuka su kuma kula da su. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, ma'aikatan lafiya mata na ƙauye da aka koya wa sauƙaƙƙiyar hanyar gyaran tunani sun kula da masu juna biyu da ke da ciwon; bayan wata shida da haihuwa kashi 23 cikin 100 ne suka rage da shi, a rukunin da ba a bi da su ta wannan hanya ba kuwa kashi 53. A Harare ta Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar likita suna sauraron masu abin da Shonawa ke kira yawan tunani, kuma gwajin da aka buga a 2016 ya tabbatar da amfanin hakan. Majo, wato babban ma'aikacin jinya a likitar unguwa, ungozoma, da matan da ke zagayawa gida-gida lokacin rigakafi, duk suna iya koyon irin wannan aiki idan aka ba su horo da mai duba su.

A gida kuwa, abin da ya fi sauƙin farawa shi ne a rage "ka yi haƙuri, komai zai wuce", a ƙara "zo ka raka ni". A roƙi mai ciwon ƙaramin taimako na gaske wanda ake bukata, kamar kai yaro makaranta ko duba lissafin adashe, sannan a faɗa masa takamaiman abin da taimakon ya haifar, ba tare da kambamawa ba.

Lokacin da ba a jira

Duk wannan na mai ciwon da ke ci, yana sha, yana iya fita ne. Idan mutum ya fara cewa gara ya mutu ya huta, ko iyalinsa za su fi jin daɗi ba shi, ko ya fara rarraba kayansa yana neman gafarar mutane ba dalili, ko ya daina ci da sha, ba a zauna ƙirga wake. A tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa, domin tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa. Kada a bar shi shi kaɗai. A kawar da maganin ƙwari da na ɓera da tarin ƙwayoyi daga inda hannunsa zai kai, tunda shan maganin ƙwari kaɗai na da alhakin kimanin kashi ɗaya cikin biyar na kisan kai a duniya, sannan a kai shi likita a ranar, ko da dare ne.